Harafi biyu da suka hana Auta taka ƙasa

Ƙanena ma'aikacin jirgin ruwa ne. Duk wanda na gaya wa haka a Kantin Kwari sai ya sake tambaya, wai ko jirgin sama nake nufi. Na ruwa nake nufi, irin manyan nan da ke ɗauko kwantenonin da muke zaman jira wata da watanni. A ɗakin inji yake aiki, can cikin cikin jirgi, inda zafi da rugugin inji ba sa barin mutum ya ji maganar wanda ke gefensa. Yaron da aka haifa a cikin ganuwa, wanda babban ruwan da ya fara gani a duniya shi ne dam ɗin Tiga ranar da makarantarsu ta kai su ziyara, yau shi ke yin wata shida, wata takwas, bai shaƙi ƙurar ƙasa ba. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. A Oron ya yi karatu, makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ke jihar Akwa Ibom, kuma ni na raka shi tasha ranar da zai fara tafiya, domin tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba a gidan. Shi ne ƙaraminmu. Auta muke ce masa har yau da ya tara gemu.

Wani dare bayan sallar isha'i, ina zaune a tsakar gida ina haɗa lissafin cinikin ranar, sai ga kiransa ta WhatsApp. Na yi murna, don mun fi sati uku ba mu ji muryarsa ba. Bayan mun gaisa sai ya yi shiru, irin shirun da na san shi da shi tun yana yaro idan an ci zalinsa a makarantar allo.

"Yaya, mun iso tasha tun jiya. Kowa ya sauka ya shiga gari, ni kaɗai aka hana."

Na ce laifin me ka yi? Ya ce ba laifin komai, sunan Baba ne bai zo ɗaya ba a takardunsa. A fasfo an rubuta Muhammad, a katinsa na ma'aikacin jirgi da littafinsa na aikin teku kuma Mohammed. Jami'in shige da fice da ya hau jirgin ya jera takardun a gabansa, ya ɗora yatsa a kan wancan, ya ɗora a kan wannan, ya girgiza kai. Bai yi masa tsawa ba, bai wulaƙanta shi ba. Ya dai ce ba zai sa hannu a takardar sauka ga mutumin da takardunsa suka saɓa wa juna ba. Kwana huɗu jirgin ya yi ana sauke kaya ana lodi, Auta yana tsaye a jikin ƙarfen jirgi yana hango fitilun gari da hasumiyar wani masallaci. Ya ce har kiran sallar Juma'a ya jiyo, iska ta kawo masa shi tsinke-tsinke.

Hajiya tana ɗakinta tana jin mu. Ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, sai ta ɗaga labule ta ce, "Kai, me ya sami yaron nan?" Na rasa ta inda zan fara, don na san inda matsalar ta samo asali, kuma a hannuna ta samo shi.

Shekarar da zai rubuta jarrabawar gama sakandare ni na je makarantarsu na cike masa fom. Ina sauri zan koma shago, na rubuta Mohammed kamar yadda na saba gani a allon shaguna da rasit. Takardar jarrabawa ta fito da haka, Oron suka bi ta, fasfonsa na farko ya bi ta, takardunsa na teku duka suka bi ta. Shi kuma da ya je yin rajistar katin ɗan ƙasa da kansa, sai ya rubuta Muhammad, yadda malaminsu na Islamiyya ya koya musu, yadda kuma Baba ke rubutawa da hannunsa. Da lokacin sabunta fasfo ya zo, dole bayanan fasfo su dace da na lambar NIN, sai aka mayar da fasfon Muhammad. Ya zo ya same ni a shago ya ce, "Yaya, sauran takardun fa? Ko in tsaya in gyara su kafin in koma?" Kamfani kuma ya riga ya turo masa ranar hawa jirgi. Na ce masa, "Haba Auta, ai duk sunan Manzon Allah ne, wa zai tsaya duba wannan? Jirgi ba ya jiran kowa, tashi ka tafi." Ya bi maganata don ni ne babba. Tashoshi uku ko huɗu suka wuce ba wanda ya lura, har suka zo hannun wanda ya lura.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ɗin nan na san darajar harafi a takarda. Lambar kwantena haruffa huɗu ce da alƙaluma bakwai, kuma duk lokacin da takardar lodi ta iso daga Sin sai na zauna na bi ta ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, na kira ejan ɗina na Legas mu sake bi tare, saboda na taɓa ganin yadda kuskuren alƙalami ɗaya ya sa kayan maƙwabcina suka kwanta a tasha demorej, wato kuɗin jinkirin fitar da kaya, yana hawa kullum har ribar ta ƙare. Atamfa da shadda na yi wa wannan kulawar. Sunan ƙanena kuwa na rubuta shi a tsaye, ina duba agogo.

Da ya dawo hutu na ce ya kawo mini takardun nan gaba ɗaya in gan su da idona. Ya shigo da wata jakar leda mai zif wadda ruwa ba ya shiga, ya zazzage ta a kan dardumar ɗakina. Sai na ga ashe abin da muke kira "takardunsa" tuli ne, kowacce da aikinta, kusan duka kuma da ranar mutuwarsu. Ga koren fasfo. Ga takardar likita wadda ba ta wuce shekara 2, har da gwajin ido na bambance launi, domin wanda ba ya rarrabe ja da kore ba shi da wurin zama a inda fitilu ke magana. Ga katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, irin wanda maniyyata suka sani, wanda tun 2016 dokar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. Ga takardun horo na kashe gobara, da taimakon gaggawa, da yadda mutum zai tsira idan jirgi ya nutse, waɗanda ake bayarwa bisa yarjejeniyar duniya ta horar da ma'aikatan jirage, wato STCW ta 1978, wasunsu kuma sai an koma an sabunta duk shekara 5.

Biyu ne na daɗe ina juyawa a hannuna. Na farko littafin aikin teku, ɗan ƙarami kamar fasfo, gefensa ya yi baƙi da man inji duk da irin kaffa-kaffar da yake yi da shi. Kowane layi a ciki jirgi ɗaya ne: sunan jirgin, lambarsa, tashar da ya hau da ranar, tashar da ya sauka da ranar, muƙamin da ya riƙe, sai sa hannun kyaftin da hatimin jirgi. Wani hatimin shuɗi, wani baƙi, wani ya karkace saboda an buga shi jirgi na tangaɗi. Na tambaye shi ina wurin da ake rubuta ko ya yi aiki da kyau. Ya ce babu, doka ta hana a rubuta ingancin aikin mutum ko albashinsa a wannan takarda, don kada kyaftin ɗin da ya tsane ka ya ɓata maka gaba da layi ɗaya. Wannan hikimar ta burge ni ƙwarai. Da wannan littafi ake ƙirga watannin da mutum ya yi a kan ruwa, da su kuma yake samun damar zama jarrabawar ƙarin girma. In ya ɓata, shekarun wahalarsa ne suka rasa shaida.

Na biyun shi ne katin shaidar ma'aikacin jirgin ruwa, wanda su ke kira SID. A Najeriya hukumar kula da harkokin jiragen ruwa, NIMASA, ce ke bayar da shi, ita ce kuma ke bayar da littafin. Hotonsa na jiki, da cikakken suna, da ranar haihuwa da wurin haihuwa, da ƙasa, da sa hannunsa. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan ba fasfo ba ne. Aikinsa ɗaya: ya shaida wa jami'in kowace tasha cewa mai wannan fuskar ma'aikacin jirgi ne na gaskiya, ƙasarsa ta san shi, ta kuma tsaya masa.

Auta ya ba ni labarin yadda abin ke gudana idan jirgi ya doshi tasha, ni kuma daga baya na bi na karanta don in fahimta da kyau. Tun jirgi na cikin teku kyaftin zai tura jerin sunayen duk wanda ke ciki zuwa ga ejan ɗin jirgin da ke garin, shi kuma ya miƙa wa hukuma. Fom ɗin iri ɗaya ne kusan ko'ina, shi ne mai lamba 5 a cikin fom-fom ɗin Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, ƙarƙashin wata yarjejeniya ta 1965 da aka yi don sauƙaƙa zirga-zirgar jirage. Suna, muƙami, ƙasa, ranar haihuwa, irin takardar shaida da lambarta. Daga farkon 2024 an wajabta wa ƙasashe karɓar waɗannan bayanai ta kwamfuta a ƙofa guda. Wato kafin jirgi ya ɗaure igiya, sunanka ya riga ka isa. Da an sauke tsani sai jami'ai su fara hawa: na lafiya, na shige da fice, na kwastam. Fasfo ɗin kowa dama yana hannun kyaftin a kulle, sai a fito da su a jera a kan tebur. A wasu tashoshin a kan tara ma'aikata duka, a kira mutum ɗaya-ɗaya, a dubi fuska a dubi hoto. Wanda ya tsallake a ba shi 'yar takardar sauka, da lokacin da dole ya dawo. Da ita zai wuce mai gadin bakin tsani, ya wuce ƙofar tasha, ya shiga gari.

Mu da muke kwana a ƙasa mu tashi a ƙasa ba za mu gane girman 'yar takardar nan ba. Mutum ya yi sati uku ko huɗu abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa bai daina motsi ba. Fuskokin da yake gani guda ashirin ne, su ne da safe su ne da dare. Auta ya ce alƙibla ma sai ya riƙa tambayar na sama inda jirgi ya fuskanta, wani lokacin ya kabbarta sallah yana kallon gabas ya sallame jirgi ya juya. Jiragen kwantena kuma ba sa daɗewa a tasha, wani lokacin ko kwana ɗaya ba sa cikawa, ga aiki ya fi yawa a lokacin. To sa'o'i uku ko huɗun da mutum zai samu ya je aski, ya sayi layin waya, ya ci abincin da ba na kicin ɗin jirgi ba, ya sa goshinsa a ƙasar da ba ta rawa, su ne ke riƙe hankalinsa har tasha ta gaba.

Shi kansa katin yana da tarihi. Tun 1958 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta yi yarjejeniya mai lamba 108 a kan takardar shaidar ma'aikatan jirage, saboda an gane cewa mutumin da aikinsa ke kai shi ƙasa goma a shekara, wanda sau da yawa bai ma san tashar da za a tura jirginsu gobe ba, ba zai yiwu a ce sai ya nemi bizar kowace ƙasa kafin ya sauka ya sha iska ba. Haka aka tafi har harin 11 ga Satumbar 2001 a Amurka. Daga nan idon duniya ya koma kan tashoshin ruwa, aka fara kallon duk wanda ke cikin jirgi da zargi. A 2003 aka sake rubuta yarjejeniyar, ta zama mai lamba 185, ta fara aiki a Fabrairun 2005. Najeriya na cikin ƙasashen farko-farko da suka rattaba mata hannu, a 2004, tare da Faransa da Jodan. Cinikin da aka ƙulla a ciki mai sauƙin fahimta ne: ƙasar ma'aikaci ta ba shi katin da ba a iya jabunsa, ta ajiye bayanansa inda za a iya tambaya a tabbatar, ita kuma ƙasar da jirgi ya je ta bar shi ya sauka shan iska ba tare da biza ba. In kuma zai bi ta ƙasar ne don ya hau jirginsa ko ya koma gida, sai ya haɗa katin da fasfo. Da farko zanen yatsa ake sakawa a katin. A 2016 aka canza zuwa hoton fuska da ake adanawa a cikin 'yar ƙwayar na'ura irin ta fasfon zamani, don injin da ke karanta fasfo a kan iyaka ya iya karanta shi. Wa'adinsa ba ya wuce shekara 10, kuma sai an sabunta bayan 5 na farko.

A shekarar 2004 ɗin dai, ranar 1 ga Yuli, dokar tsaron jirage da tashoshi da ake kira ISPS ta fara aiki. Ita ta kawo shinge da kati a wuya da mai gadi a bakin tsani da littafin rubuta sunan baƙo. Na tuna farkon zuwana tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ina yaron shago, yadda ake cakuɗa a bakin tasha, da yadda shiga ta koma daga baya.

Amma ba kowace ƙasa ce ta shiga yarjejeniya ta 185 ba. Amurka ba ta shiga ba. Duk kyan katinka, in ba ka da bizarsu ta ma'aikatan jirgi, wadda ake kira C-1/D, ba za ka taka ƙasarsu ba, kuma kowa shi zai je ofishin jakadanci da kansa a yi masa tambayoyi. Da can akwai bizar da ake bugawa a kan jerin sunayen ma'aikatan jirgi gaba ɗaya, sun soke ta a 2004. Wanda ya samu izinin sauka ma bai wuce kwana 29. Wanda ba shi da biza yana cikin jirgi har a tashi, wani lokacin har da masu gadi da aka ɗauko don tabbatar da bai sauka ba. Shi ya sa kamfanonin da jiragensu ke zuwa can suke fara tambayar mai neman aiki ko yana da ita, kuma a nan ne yaranmu da yawa ke faɗuwa tun kafin a dubi ƙwarewarsu.

Ni dai ban ga laifin ƙasa ta tambayi baƙo ko shi wane ne ba. Mu Kanawa mun fi kowa sanin wannan. Kowace ƙofa ta ganuwar nan da sarkin ƙofarta, da can in dare ya yi rufewa ake yi, fatake kuma in sun shigo sai sun sauka a hannun fatoma wanda ya san su, wanda zai tsaya musu in magana ta taso. Katin nan shi ne fatoman ma'aikacin jirgi. Jami'in da ya hana Auta sauka aikinsa ya yi, kuma da ni ne a kujerarsa, aka ajiye mini takardu biyu masu suna biyu a harshen da ban sani ba, ban ga yadda zan yi in sa hannu ba. Shi bai san Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman duk mutum ɗaya ne a wurinmu ba, kwamfutarsa ma ba ta sani ba.

Inda raina ke ɓaci shi ne inda takardu suka cika cif, amma a dubi launin fasfo ko irin sunan mutum a ce ya zauna a jirgi. Auta ya ce akwai tashar da aka taɓa ware shi da abokan aikinsa biyu Musulmi aka yi musu tambayoyin da ba a yi wa sauran ba, ko da yake daga ƙarshe an bar su sun sauka. Ita IMO ta san ana yin haka, shi ya sa gyaran da ya fara aiki a farkon 2018 ya fito fili ya ce a ba da izinin sauka ba tare da nuna bambancin ƙasa, ko launin fata, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa ba, kuma in an hana mutum a gaya masa dalili. Ma'aikatan jiragen nan kusan miliyan 1.9 ne a duniya, a wuyansu sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ke tafiya. Riɗi da zoɓon da ake lodi a Dawanau, da wayoyin Farm Centre, da kayan gyaran mota na Ƙofar Ruwa, da kwantenonin da aka gina tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki dominsu aka buɗe ta a Janairun 2023, duk sai sun bi ta hannunsu. A lokacin korona an ga yadda aka ɗauke su: a Satumbar 2020 kimanin 400,000 ne suka maƙale a teku wa'adinsu ya ƙare an hana su sauka, wasu sun haura shekara, alhali kaya ana ta saukewa. Kaya su sauka, wanda ya kawo su a ce kada ya sauka. Wannan ban taɓa samun wanda ya gamsar da ni a kansa ba.

Gyaran sunan ya ci mu wata huɗu. Takardar rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, sannan tafiya Legas har sau biyu, ya kwana a wurin wani abokin cinikina a Agege. Ba kati da littafi kaɗai ba, kowace takardar horo sai da aka bi ta, domin gyara ɗaya a bar ɗaya komawa gidan jiya ne. Ana cikin haka kamfani ya kira shi ya hau wani jirgi, ya ce takardunsa na hannun hukuma, suka ba wani gurbin. Albashin wata shida ke nan ya wuce, a shekarar da muke shirin aurensa. Bai taɓa buɗe baki ya ce ni na jawo ba. Ranar da na ce masa, "Auta, ka yafe mini, ni na cuce ka," sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Yaya, wallahi kada ka sake faɗar haka, rabon wani ne ya rantse." Maganar ta fi yi mini nauyi a kan a ce ya yi fushi.

Tun da labarin ya bazu a layinmu, iyaye suka fara turo mini 'ya'yansu masu sha'awar aikin jirgi. Wani yaro ɗan maƙwabtanmu ya zo da wayarsa yana rawar jiki, wai wani a Facebook zai yi masa littafin aikin teku da kati cikin sati ɗaya, ba sai ya je ko'ina ba, ya kuma sama masa jirgi, kuɗi kawai zai tura. Auta yana nan lokacin. Ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Ƙanena, katin da ba a ɗauki hotonka da bayananka a gaban hukuma ba, ba kati ba ne. Ranar da aka tambayi Najeriya ta ce ba ta san lambar ba, a ƙasar mutane za a kama ka, kai kaɗai." Ya ƙara masa da cewa dokar ƙwadagon teku ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, ta hana dillalin aiki karɓar kuɗi a hannun ma'aikaci don ya sama masa jirgi. Abin da ke kan ma'aikaci shi ne kuɗin fasfonsa da littafinsa da takardar likita, kuɗin biza ma mai jirgi ne ke biya. Yaron ya tafi jikinsa a sanyaye. Mahaifinsa ya zo da yamma ya yi godiya, ashe har ya sa babur ɗinsa a kasuwa.

Ni kuma abin da nake fara tambayar kowane yaro yanzu shi ne ya kawo mini takardar haihuwarsa da ta firamare da ta sakandare da katin ɗan ƙasa, mu shimfiɗa su a kan kanta. Cikin waɗanda suka zo, kaɗan ne nasu suka zo ɗaya. Wani an sa masa sunan unguwa a wata takardar, a wata kuma sunan kaka. Wani sunansa na yanka ya koma tsakiya, na mahaifi ya dawo gaba. Wani an rage masa shekara biyu a kotu don neman aikin ɗamara, ga takardar asibiti kuma tana faɗin gaskiya. Masu ranar haihuwa 1 ga Janairu kuwa ba a magana. A cikin gari duk wannan ba ya hana mutum komai, don kowa ya san ɗan gidan wane ne. Da matata ta haihu bara, da kaina na je wurin rajistar haihuwa, na rubuta sunan a takarda da manyan baƙaƙe na miƙa, na tsaya a kan ma'aikaciyar har ta gama, na karɓa na karanta sau biyu kafin in fito.

Auta ya koma ruwa bayan ƙaramar sallah. Daren da zai tafi na zauna da shi muka bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ni ina riƙe da fasfo ina karanta harafi, shi yana amsawa daga kati da littafi, kamar masu tilawa. Na yi fotokwafin kowacce, suna cikin durowar da nake ajiye takardun gida. Hajiya ta ƙulla masa yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta dafa kansa ta yi masa addu'a mai tsawo.

Kwana ashirin da wani abu ba labari. Ran nan ina shago da hantsi, ana sauke mini dila, sai ga saƙon hoto ya shigo. Ba fuskarsa ya ɗauka ba. Takalmansa ne na aiki masu ƙarfe a baki, a tsaye a kan jar ƙasa a gefen wani titi, ga 'yar ciyawa ta fito ta tsakanin duwatsu. Ƙarƙashinsa saƙon murya na daƙiƙa tara: "Yaya, na sauka. Ka gaya wa Hajiya na samu jam'in azahar."

Na bar yara da dilar, na tari adaidaita zuwa gida. Hajiya ta sa tabarau ta riƙe wayar da hannu biyu, ta daɗe tana kallon takalman. Sannan ta ce in sake kunna mata muryar.